Daga Udubo Zuwa Jidda: Iznin Shiga Daban, Iznin Zama Daban

Udubo gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta Jihar Bauchi, arewa maso gabas da Azare, a tsohuwar ƙasar Katagum. Mutanensa manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kamar yadda akasarin mutanen wannan yanki suke. Da zarar an gama aikin kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, sai hirar samari a gindin bishiya da bakin tasha ta koma kan tafiya. A da iyakar zancen cin rani ne, wannan ya nufi Kano, wancan ya nufi Legas ko Fatakwal, in damina ta faɗi kowa ya komo gonarsa. Yanzu kuwa zancen ya ƙetare teku. Sai a ji ana lissafin abin da ɗinki ko wanki ko kiwon raƙuma ke kawowa a Jidda, ana juya riyal zuwa naira, ana cewa wane ya tafi shekara biyu ya aiko an yi wa gidansu rufin kwano.

Daga nan ne wani zai shiga neman wanda zai sayi gonarsa ta gado, ko shanun huɗarsa, don ya haɗa kuɗin ejan. Abin da ejan kan nuna masa shi ne biza, ya ce masa ai magana ta ƙare. Alhali kuwa a nan ne maganar ta soma, domin biza iznin shiga ce kurum, na wani ƙayyadadden lokaci, don wata ƙayyadaddiyar bukata. Zama a ƙasar mutane, da kama haya, da yin sana'a, da sa yaro a makaranta, duk wata takarda ce dabam ke halatta su. Rashin rarrabe waɗannan takardu biyu ya jefa Hausawa masu yawa cikin wahala, a ƙasashe dabam dabam, fiye da shekara ɗari ke nan.

Zamanin Wasiƙa Da Mai Gida

Ba yau aka fara tambayar baƙo dalilin zuwansa ba, kuma ƙasar Katagum shaida ce. Cikin watan Janairu na 1824 waɗansu Turawan Birtaniya biyu, Kyaftin Clapperton da Likita Oudney, suka iso birnin Katagum daga Kukawa tare da ayarin fatake, zamanin Sarkin Katagum Ɗan Kauwa. Abin da suka riƙe a madadin biza shi ne wasiƙun Shehu Laminu na Barno zuwa ga sarakunan da ke gabansu. Albarkacin wannan aka karɓe su, aka ba su masauki. Oudney ya rasu a Murmur, ba da nisa da Katagum ba, shi kuwa Clapperton ya wuce Kano, ya isa Sakkwato cikin watan Maris. A can ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karrama shi, amma bai bar shi ya zarce zuwa Kwara ba, dole ya juyo ta inda ya fito. Watau ko a wancan zamani, wanda ya ba baƙo hanyar shiga shi ke yanke masa iyakar inda zai taka.

Talaka kuwa da ba ya da wasiƙar sarki, mai gida shi ne takardarsa. Falke ko almajiri in ya sauka a Salaga ko Kumasi ko Sabon Ibadan, zango zai nufa. Mai masauki ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nema masa mai saye, in rigima ta taso ya tsaya masa gaban Sarkin Zango. Amana ce ke riƙe da wannan tsari, ba a rubuta kome ba, kuma ya yi aiki shekaru aru aru. Saboda haka har gobe mutumin ƙauye yakan ɗauka cewa muddin yana da ɗan'uwa ko ɗan gari a wata ƙasa, to ya sami wurin zama. Wannan zato ne zamani ya rushe, mutane da yawa ba su farga ba.

Hanyar Gabas

Babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Azare da Potiskum ta shiga Maiduguri, hanyar gabas ce. Kafin jirgin sama ya sauƙaƙa aikin Hajji cikin shekarun 1950, alhazai da ƙafa suke tafiya, ko bisa jaki da takarkari, daga baya kuma a manyan motoci. Su ratsa Barno, su shiga Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su bi ta Abeche da Darfur da El Obeid, har su kai bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan, sa'an nan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma ko ƙodago, a tara abin ci gaba. Waɗansu an haife su a hanya, waɗansu an binne su a hanya.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a mai yawa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sennar. Da aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira cikin 1925, hannun mutanen Afirka ta Yamma na daga cikin waɗanda suka riƙe shi. Cikin waɗannan shekaru ne kuma Turawan mulki a Nijeriya suka shigo da fasfon alhazai, da ajiye kuɗin komowa kafin a tashi. Alhazai da yawa suka riƙa kauce wa wannan tsari, suna ganin bai kamata a nemi iznin Nasara kafin a ziyarci Ɗakin Allah ba.

Sakamakon rashin takarda bai bayyana ba sai da Sudan ta sami mulkin kai. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ran 31 ga Disamba 1897. Mutanen Mai Wurno bayan wannan rana suka iso. Ke nan mutum an haife shi a Sudan, an haifi ubansa a Sudan, ya nome audugarta, amma doka na kallonsa a matsayin baƙo saboda kwanan wata ɗaya. Daga baya an matsar da ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta mai da ita 1 ga Janairu 1956. Duk da haka kalmar baƙunta ba ta bar su ba, domin a rikicin da aka yi a jihar Blue Nile cikin 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, batun ko Hausawa na da haƙƙin ƙasa da sarauta a wurin shi ne tushen faɗan.

Mako Biyu A Gana, Mako Biyu A Nijeriya

Dattawan da suka yi fataucin goro ba su manta da 1969 ba. Ran 18 ga Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba ya da takardar iznin zama, ya same ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Dokokin iznin zama suna nan tun kafin ranar, amma ba wanda ya damu da su, ba kuma wanda ya tambaya. Mutanen zango a Ankara da Kumasi, Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa da Mosawa, waɗansunsu can aka yanke musu cibiya, suka wayi gari ana neman takardar da ba su taɓa gani ba. Dubun dubata suka fito, suka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, wanda bai sami mai saye ba ya rufe ƙofa ya bar wa Allah.

Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. Kuɗin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya a Nijeriya, ga kuma tsoron baƙi da ya biyo bayan tarzomar Maitatsine ta Kano ta Disamba 1980. Ran 17 ga Janairu 1983 Ministan Al'amuran Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba ya fita cikin mako biyu. An ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai miliyan biyu, kimanin rabinsu mutanen Gana ne, sauran daga Nijar da Cadi da Kamaru da Togo da Binin. Jakar nan da ake kira Gana-mas-go daga wannan kora ta samo sunanta. Cikin 1985 gwamnatin soja ta sake yin wata korar.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da aka yi korar 1983 akwai yarjejeniyar Ƙungiyar Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, wadda aka sa wa hannu a Dakar cikin Mayu 1979. Mutane sun ji an ce an buɗe iyaka, suka ɗauka an buɗe zama. Alhali abin da yarjejeniyar ta bayar a matakin farko shi ne shiga ba biza har kwana 90, ga wanda ke da takardar tafiya da ta allurar rigakafi. Wanda ya zarce kwana 90 bai nemi ƙari ba, ya karya doka. Sai a 1986 aka amince da matakin iznin zama, shi ma sai an nemi katinsa a hukumar ƙasar da aka sauka. Har ila yau, ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar. ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu su yi zirga-zirga har sai an ji wata sanarwa, amma abin da aka rataya a kan sanarwa, sanarwa na iya sauke shi.

Igama Da Kafili

A ƙasar Sa'udiyya, inda hankalin mafi yawan masu niyya daga ƙasar Katagum yake, takardar iznin zama ita ce igama. Ofishin Jawazat, watau hukumar fasfo ta ƙasar, ke ba da ita, kuma galibi ba a ba mutum don kansa, sai ta hannun kafili, wanda shi ne mutumin ko kamfanin da ya ɗauko shi aiki ya tsaya masa. Da lambar igama ake buɗe ajiya a banki, da ita ake yin rajistar layin waya na mazauni, da ita ake ganin likita bisa inshora, da ita ake aika kuɗi gida ta hanyar hukuma. Sabunta ta wajibi ne a kan kafili. In wa'adinta ya wuce ba a sabunta ba, tarar farko riyal 500 ce, ta biyu riyal 1,000, a ta uku kuwa ana iya fitar da mutum daga ƙasar.

Wanda ya dubi kafili zai ga kamar mai gidan zango ne aka sake wa suna, amma akwai bambanci babba. Mai gidan zango in kun ɓata sai ka ɗauki buzunka ka koma gidan wani. Kafili kuwa in ma'aikaci ya bar wurinsa ba izni, yana iya kai rahoton cewa ya gudu, abin da ake kira hurub, daga nan sunan mutum ya shiga kwamfutar hukuma, zamansa ya shiga hatsari. Ran 14 ga Maris 2021 gwamnatin Sa'udiyya ta sassauta wannan tsari, ta ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki bisa waɗansu sharuɗɗa, da neman iznin fita da komowa ba sai da yardar kafili ba. Sai dai wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida ba, da direbobin gida, da masu gadin gida, da makiyaya, da ma'aikatan gona. Waɗannan kuwa su ne ainihin ayyukan da ake kai mutanen karkara su yi, maza da mata.

Akwai kuma wata dabara da ejan kan tallata, ya ce biza ce ta 'yanci, mutum ya je ya yi aikin da ya ga dama. Babu irin wannan biza a dokar ƙasar. Abin da ke faruwa shi ne, wani ɗan ƙasa ya karɓi iznin ɗauko ma'aikaci alhali ba ya da aikin da zai ba shi, ya sayar da iznin, sa'an nan ya riƙa karɓar kuɗi wurin baƙon don ya ci gaba da riƙe sunansa. Ranar da aka kama baƙon yana aiki a wurin da ba na kafilinsa ba, shi ne mai laifi.

Ko wanda takardunsa suka cika, zama da iyali ba araha ba ne. Tun Yuli 2017 aka sa haraji a kan kowane mutum da ma'aikacin kamfani baƙo ke riƙe da shi, aka fara da riyal 100 a wata, ya hau har ya kai riyal 400 a Yuli 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 kowane wata, watau 19,200 a shekara, ban da haya da abinci. Akwai igamar da ba ta bukatar kafili, wadda aka fito da ita cikin 2019, amma kuɗin ta dindindin riyal 800,000 ne, ta shekara ɗaya kuwa 100,000. Gonakin unguwa guda ba za su saye ta ba.

Bizar Umra Ba Ta Zama Igama

Hanyar da aka fi bi tun shekarun 1970 ita ce a shiga da bizar Hajji ko ta Umra, a gama ibada, a sulale cikin unguwannin 'yan'uwa irin su Sharar Mansur a Makka. Su ne ake kira takari, ko 'yan Kano-Jidda. Bizar Umra a da kwana 30 ce, cikin 2022 aka ƙara ta zuwa kwana 90. Ba ta halatta aiki, ba ta halatta Hajji, ba a kuma juya ta ta zama igama. Bugu da ƙari, kowace shekara hukuma kan sa ranar da masu Umra za su fice kafin aikin Hajji, a 2025 ranar ita ce 29 ga Afrilu.

Hukuncin wanda ya zarce wa'adin bizarsa yana iya kai wa tarar riyal 50,000, da ɗaurin wata shida, da kora. Kamfanin Umra da ya ƙi kai rahoton mutuminsa da ya maƙale, tararsa na iya kai wa riyal 100,000. A Hajjin 2025 an sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama zai yi Hajji ba tasrihi, watau takardar iznin Hajji, baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba kuma a kore shi, a hana shi shigowa shekara goma. A da wanda aka koro yakan sauya suna, ya yi sabon fasfo, ya koma baɗi. Wannan ƙofa ta rufe, domin Nijeriya ta koma fasfo mai na'ura tun 2007, yanzu kuma an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, can kuma ana ɗaukar hoton yatsu a filin jirgi. Suna na sauyuwa, yatsa ba ya sauyuwa.

Ɗaki Ma Sai Da Takarda

Maganar masauki ita ce inda tsohon zato ya fi cutar da mutane. Tun 2018 Sa'udiyya ta wajabta rubuta yarjejeniyar haya a wani tsari na intanet da ake kira Ejar, inda ake shigar da lambar shaidar mai gida da ta ɗan haya. Baƙo mazauni lambar igamarsa ake nema. Wanda ba ya da ita ba zai kama ɗaki da sunansa ba, sai dai ya raɓe a bayan wani, ya biya abin da aka yanka masa, in an zalunce shi ba inda zai kai ƙara. Shi ma mai ba da masaukin yana cikin hatsari. Dokar da aka sanar cikin 2021 ta ce wanda ya taimaka wa mai satar shiga ƙasa, ya ɗauke shi a mota ko ya ba shi mafaka, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 15, da tarar da ta kai riyal miliyan ɗaya, a kuma ƙwace motar ko gidan. Saboda haka ɗan'uwan da aka dogara da shi in ya ƙi buɗe ƙofa, sau da yawa tsoro ne ya hana shi, ba rashin zumunci ba.

Tsofaffin unguwannin da marasa takarda kan fake a cikinsu su ma suna ƙarewa. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukumomin Jidda suka rushe unguwanni da dama, har da Karantina da Gulail da Sabil, inda mutanen Afirka suka daɗe da zama. Diyya ta masu mallaka ce, ɗan hayar da ba ya cikin kowane littafi kuwa sai ya kwashi tabarmarsa.

Kada mai karatu ya zaci Larabawa kaɗai ke yin haka. A Ingila, tun ran 1 ga Fabrairu 2016 doka ta ɗora wa mai gidan haya alhakin duba takardun duk wanda zai ba ɗaki. Cikin Fabrairu 2024 aka ƙara tarar wanda ya ba marar izni haya, ta kai fam 10,000 a kan kowane ɗan haya a karon farko, fam 20,000 in ya maimaita. A farkon wannan shekarar ce kuma aka hana akasarin ɗalibai, da masu aikin kula da tsofaffi, tafiya da iyalansu. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza daga Oktoba 2022 har zuwa Yuli 2024. Ita kanta Nijeriya tana da katin iznin zama da take wajabta wa baƙi a ƙarƙashin Dokar Shige da Fice ta 2015. Kowace gwamnati ta gane cewa ba sai ta bi baƙo lungu lungu ba, ya isa ta riƙe mai gida da mai ba da aiki da banki.

'Ya'ya Ke Biyan Bashin

Akwai Hausawa 'yan asalin Sa'udiyya, jikokin waɗanda suka zauna a Hijaz tun kafin a kafa masarautar cikin 1932, ko suka sami shaidar ɗan ƙasa a farkon zamaninta. Su ne ake gani da laƙabin Hausawi, kamar Usama Hausawi wanda ya jagoranci 'yan ƙwallon ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018. Ganinsu kan sa a yi wa rogo kallon kitse, a ɗauka daɗewa ce ke mai da mutum ɗan ƙasa. Dokar ƙasar kuwa ta jinin uba take bi. Haihuwa a Makka ko Madina ba ta mai da ɗan baƙo Basa'ude.

Yaron da iyayensa ba su da igama, da wuya ya sami takardar haihuwa, in babu ita kuwa ba makarantar gwamnati, ba aikin ƙwarai in ya girma. Sai ya tashi da Larabci a baki, bai san ko'ina ba sai unguwar da aka haife shi, amma kullum yana waige. Ranar da aka yi kame aka kai shi tarhil, watau gidan tsare waɗanda za a kora, irin na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, daga can sai jirgi ya sauke shi a Kano ko Abuja. Ya zo ƙasar da aka ce tasa ce, bai san hanyar garin ubansa ba, gonar da zai gada kuwa an sayar da ita tun kafin a haife shi, da kuɗinta aka yi bizar. Cikin Janairu 2021 gwamnatin Nijeriya ta kwaso ɗaruruwan mutanenta daga wuraren tsarewa na Sa'udiyya zuwa Abuja, bayan sun shafe watanni a tsare.

Hukumomin can sukan yi afuwa jefi jefi. An yi ɗaya daga Afrilu zuwa 3 ga Nuwamba 2013, aka sake wata daga 29 ga Maris 2017, inda aka ba marasa takarda kwana 90, daga baya aka ƙara, su fita ba tara ba ɗauri. Amma kowace afuwa kame mai tsanani ke biyo bayanta, kuma afuwar 2017 ta fita ce, ba ta mai da kowa mazauni ba.

Kafin A Sayar Da Gona

Ba wanda zai hana ɗan Udubo, ko na kowane gari, fita neman halalinsa. Tafiya gadon Bahaushe ce, kuma akwai mutanen Arewa da yawa da ke zaune a ƙasashen waje da mutuncinsu, malamai da likitoci da injiniyoyi da teloli da direbobi, takardunsu cikakku, suna zuwa gida suna komawa. Abin da ya raba su da takari shi ne sun san irin takardar da suka riƙa tun kafin su hau jirgi.

Saboda haka mai niyya ya fara da sanin sunan bizar da aka yi masa, ya kai wa wanda ya iya karatu, wanda ba abokin cinikin ejan ba, ya karanta masa ita: ta Umra ce, ko ta ziyara, ko ta aiki, kuma kwana nawa aka rubuta. In aiki ne, ya nemi ganin yarjejeniyar a rubuce, da sunan kafili, da irin aikin, da albashi, da wanda zai biya masauki da kuɗin igama. Ya bincika ko ejan na da lasin, domin kamfanonin Hajji da Umra Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 2006, ita ke ba su lasin, masu ɗaukar ma'aikata zuwa waje kuwa Ma'aikatar Ƙodago ta Tarayya. Duk kuɗin da ya biya ya karɓi rasit. Ya bar hoton fasfonsa da na bizarsa a gida wurin wanda ya amince da shi. Ya sani kuma dokar Sa'udiyya kanta ta hana mai ba da aiki riƙe fasfon ma'aikaci, in an matsa masa akwai ofishin jakadancin Nijeriya a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Iyaye kuma da za a ce a ba da 'yarsu a kai ta aikatau ƙetare, in suka ga alamar rufa-rufa, akwai hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, wadda ke aiki tun 2003.

Malamai da masu unguwanni da dagatai na ƙasar Katagum su ma suna da rawar takawa, domin a gabansu ake cinikin gona, su ake kira shaida. Ba laifi ba ne dagaci ya tambayi mai sayarwa abin da zai yi da kuɗin, in ya ce tafiya ce, a ce ya kawo takardar a gani. Wadda aka rubuta wa kwana 90, kwana 90 ɗin ne, gonar kuwa in ta tafi ta tafi ke nan. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su gida da mutuncinsu.